Wanda Ya Biya Kuɗin Fom Shi Ke da Kujera

Duk lokacin da aka gama zaɓe, sai a koma kan talaka. A teburin mai shayi a Kazaure, a majalisun Roni da Babura, har a Facebook, zargin ɗaya ne: wai mata sun sayar da 'yancinsu a kan taliya da sabulu, matasa kuma a kan dubu biyu. Ni dai na gaji da wannan zance. Karɓar taliya ba abin yabo ba ne, amma kafin matar nan ta hau layi an riga an gama cinikin, kuma ba da ita aka yi ba.

Mu yi lissafi. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10. PDP ta sa na shugaban ƙasa miliyan 40. A lokacin, mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Mai irin wannan albashi, ko bai ci ba bai sha ba, sai ya yi kusan shekara 28 yana tari kafin ya sayi fom ɗin wakiltar Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Fom kaɗai ke nan, ba a zo kan daliget da motocin kamfe ba. A 2018 an rage shekarun takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, muka yi ta murna. Ashe ba shekaru ne suka tare mana hanya ba.

To, wa ke biya? A Disambar 2014, a wata liyafa a Abuja, an tara wa takarar Goodluck Jonathan sama da naira biliyan 21 a dare ɗaya, kuma an sanar da biliyan biyar da sunan masu harkar mai da iskar gas. Alhali dokar kamfanoni ta hana kamfani bai wa jam'iyya gudummawa. Ɗan kasuwa ba ya zuba biliyoyi don neman lada. Jari ya sa, kuma zai dawo karɓar riba: lasisin shigo da kaya, yafe haraji, kwangila. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mun ga askin a 2012. Kwamitin majalisar wakilai ya bankaɗo badaƙalar tallafin mai ta sama da naira tiriliyan ɗaya. Shugaban kwamitin, Faruk Lawan na Bagwai da Shanono, nan maƙwabtanmu, daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 daga attajirin mai Femi Otedola don a cire kamfaninsa daga jerin waɗanda ake zargi. Otedola ya ce tarko ya ɗana masa da sanin jami'an tsaro. Faruk ya yi zaman gidan yari. Amma cikin waɗanda suka kwashe kuɗin tallafin, mutum nawa ka ji sun bi shi? Da aka tashi cire tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Manomin rani da ke tayar da injin ban ruwa a bakin dam ɗin Kazaure shi ya biya bashin da bai ci ba.

Wasu za su ce siyasa sai da kuɗi, kuma gara mai kuɗi domin ya ƙoshi, ba zai yi sata ba. Ba na gaba da arziki, kuma attajiri yana da 'yancin tsayawa takara kamar kowa. Amma iyayenmu sun ga wata siyasar. A 1979, lokacin Kazaure tana cikin Jihar Kano, PRP ta Malam Aminu Kano ta kayar da NPN mai attajirai, Abubakar Rimi ya hau ya soke haraji da jangali. Talaka ne ya ɗauki nauyin tafiyar, shi ya sa aka yi masa aiki.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, don haka na san bin sawun kuɗi ba tsafi ba ne. A 2022, dokar zaɓe ta wancan lokaci ta hana mutum ɗaya bai wa ɗan takara fiye da miliyan 50, ta kuma wajabta wa jam'iyyu miƙa wa INEC rahoton gudummawar da suka karɓa cikin wata uku bayan sanar da sakamako. Hukumar da ta iya ɗora takardun sakamakon rumfuna a intanet ba za ta kasa ɗora sunayen masu ba da kuɗi ba. Na'ura ba ta gaza ba, niyya ce babu.

Saboda haka idan ɗan takara ya zo garinku, ku bar tambayarsa me ya kawo muku. Ku tambaye shi a gaban jama'a wa ya saya masa fom, wa ya ba shi motoci, wa ke zuba musu mai. Idan ya kasa faɗa, kun san ubangidansa ba ya cikinku.