Ba panno ke mutuwa ba, batir muke kashewa

Ƴan uwa, tun da Najeriya ta yanke mana kuran a watan Agusta na 2023, gidaje da yawa daga Maraɗi zuwa Damagaram sunka koma sola. Amma bayan shekara guda sai ka ji mutum yana cewa an cuce shi. Ni dai ina ganin sau da yawa laifinmu ne.

Panno yana ba da wuta da rana kawai, batir ke ajiye ta don dare. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar wat 1200 na awa guda, amma in na gubar dalma ne, rabi kaɗai ya kamata ka sha, wato 600. Fanka mai wat 50 za ta yi awa 12 da wannan. Ka ƙara mata tele da firiji, kafin asuba batir ya ƙare ƙaf. Kullum haka, wata nawa zai yi?

Ga zafin watan Afrilu da ke cin ransa in an ajiye shi ƙarƙashin kwano, ga ƙurar hunturu da ke rufe panno. Wasu ma don tsimin jikka kaɗan sai su haɗa ba tare da regilatar ba, ko su sa batirin mota.

Kafin ka biya, zauna da mai haɗawa ku lissafa abin da za ka kunna da awowinsa. In ya ƙi yin lissafi, nemi wani. Allah ya sa mu dace.