Taron da Ba Shi da Babban Baƙo

Ɗauki katin gayyatar kowane taro a ƙasar nan, na ƙaddamar da littafi ne ko na karrama 'yan fim, za ka tarar sunayen manya sun cinye rabin takardar. Akwai uban taro, akwai shugaban taro, akwai babban baƙo na musamman, ga babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa. An rubuta ƙarfe goma, amma kowa ya san ba za a yi addu'ar buɗewa ba sai jiniyar mai girma ta shigo harabar. Su kuwa waɗanda suka karanta littafin ko suka kalli fim ɗin, waɗanda dominsu aka ce an taru, suna can kujerun baya, aikinsu tafi.

Na taɓa halartar wani taro da aka gina a kan akasin wannan tsari, kuma har yau ina ganin ya fi yawancin namu amfani. A Amurka ne, a wani ƙaramin otal da ke bakin hanya. 'Yar ƙanwata da ke karatu a can ce ta ja ni. Cewa ta yi, "Kawu, zo ka ga mutanen da suka fi ka son gardama a kan fim." Taro ne na masoya shirye-shiryen talabijin, musamman masu rubuta nasu labaran a kan taurarin da ke cikin shirin. Wato mutum ya kalli shiri, ya ga an kashe wanda yake so, ko an raba masoya, ko an rufe labarin ba yadda ransa ya so ba, sai ya ɗauki alƙalami ya ɗora daga inda aka tsaya, ya ba 'yan'uwansa 'yan kallo su karanta kyauta.

Mutanen ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Akwai 'yan mata sa'annin 'yar ƙanwata, akwai dattijai masu furfura da ke dogara sanda: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu kula da ɗakin karatu. Babu ɗan fim ko ɗaya. Ba wai an gayyace su sun ƙi zuwa ba ne, dokar taron ce ta hana a kawo su. Kowa ya biya kuɗin shiga iri ɗaya, har matar da ke zaune a teburin rajista tana rubuta mana suna. Tun kafin ranar, mahalarta ne suka aiko da batutuwan da suke so a tattauna, aka jefa ƙuri'a, waɗanda suka fi samun goyon baya aka ba su ɗaki da lokaci.

Na zauna a wani ɗaki inda aka jera kujeru zagaye, babu dandamali, babu lasifika. Abin da aka yi sa'a guda ana kai ruwa rana a kansa shi ne dalilin da ya sa wani ɗan sanda, a cikin wani shirin da aka daina haskawa tun kafin a haifi wasu daga cikin masu maganar, ya ɓoye wa abokin aikinsa gaskiya. Wata ta kawo hujja daga kashi na farko, wata ta ture ta da abin da ya faru shekara biyu gaba a cikin labarin, wata dattijuwa ta ce duk sun yi kuskure, marubutan shirin ne aka sauya a tsakiyar zango, sabbin ba su karanta abin da na farko suka rubuta ba. Na sha zuwa tarurrukan adabi a jami'o'inmu, amma ba kasafai nake ganin an bi labari layi-layi da irin wannan natsuwa ba. A wani ɗakin ana koyar da yadda ake gyara rubutun wani ba tare da an kashe masa gwiwa ba. A zauren ƙasa an baje ƙananan mujallu da aka ɗinke da hannu, ana sayar da su a kan kuɗin takarda da tawada kawai. Da dare aka haska gajerun hotunan bidiyo da mahalarta suka yanko daga shirye-shirye suka ɗora musu waƙoƙi.

Wannan al'ada tana da asali. Shirin Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙira, an fara haska shi a tashar NBC a 1966, aka dakatar da shi a 1969 bayan zango uku. Tun yana kan haskawa, a 1967, wasu mata biyu, Devra Langsam da Sherna Comerford, suka fitar da 'yar mujallar Spockanalia da injin gurza takarda, ɗauke da rubuce-rubucen 'yan kallo. Da aka rufe shirin, masoyansa ba su watse ba. A watan Janairun 1972 suka kira taro a birnin New York suna sa ran mutum ɗari biyar, sai ga fiye da dubu uku. Daga nan hanya ta rabu biyu. 'Yan kasuwa suka gane akwai kuɗi a ciki, suka fara shirya manyan tarurruka inda za ka biya ka shiga, ka sake biya ka ɗauki hoto da tauraro, ka ƙara biya ya sa maka hannu a takarda. Taron Comic-Con na San Diego, wanda ya fara a 1970 da mutum kusan 300, yanzu yana tara sama da 130,000, kuma a can manyan kamfanonin fim ke tallata abin da za su fitar. Ɗaya hanyar ita ce ta irin su MediaWest*Con, da aka soma a 1981 a garin Lansing na jihar Michigan, bisa sharaɗin cewa babu baƙon da za a biya ya zo, mahalarta su ne taron.

A babban taro, ɗan kallo abokin ciniki ne, iyakarsa ya bi layi. A ƙaramin, shi ne mai magana, shi ne mai rubutu, shi ne alƙali. Henry Jenkins, malamin jami'ar da ya rubuta littafin Textual Poachers a 1992 bayan ya daɗe yana cuɗanya da irin waɗannan mutane, a kan wannan ya gina hujjarsa: mai kallo ba ya zaune hannu rabbana yana haɗiye duk abin da aka ba shi, yana ɗauka ne ya sarrafa. Da tauraro zai shigo ɗakin nan da na zauna, da gardamar ta mutu nan take, domin kowa zai juya ya tambaye shi abin da aka nufa, alhali shi ma rubuta masa aka yi ya hardace.

Abin da ya riƙe al'adar har yau, a ganina, shi ne nisantar kuɗi. Rabinsa tsoro ne: taurarin labarin mallakar kamfani ne, kuma lauyoyin kamfani sun fi kawar da kai ga wanda ba ya cin riba. Rabinsa kuma ra'ayi ne da suka riƙe da gaske. A 2007 wani kamfani mai suna FanLib ya buɗe dandali domin ya tattara rubuce-rubucen nan ya ci riba da su. Marubutan suka harzuƙa, kamfanin ya rufe a 2008. A dalilin wannan rikici ne marubuciya Naomi Novik ta ba da shawarar su gina rumbunsu na kansu. Aka kafa ƙungiya a 2007, aka buɗe Archive of Our Own ga jama'a a 2009. Babu talla a cikinsa, da gudummawa yake tafiya, 'yan sa-kai ne ke kula da shi, ya tara labarai sama da miliyan goma, har ya ci lambar yabo ta Hugo a 2019. Amazon ma ya gwada sayar da irin wannan rubutu da lasisi a 2013 da sunan Kindle Worlds, bai kai ko'ina ba, ya rufe a 2018.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da 'yan kallo suka shirya alheri ne. A 2014 wasu matasa marasa ƙwarewa suka kira taron DashCon a jihar Illinois, daren farko suka tsaya gaban mahalarta suna roƙon a haɗa musu dala 17,000 kada otal ya kore su. Ya zama abin dariya har yau. Haka kuma rubutun kansa akwai tarkace a ciki da yawa, akwai batsa, akwai haɗa 'yan jinsi ɗaya da sauran abubuwan da addininmu da tarbiyyarmu ba su yarda da su ba. Littafin Fifty Shades of Grey da ya yi ƙaurin suna, asalinsa ɗori ne a kan labarin Twilight kafin a sauya sunaye a buga shi a 2011. Akwai zaman da na leƙa na ga take a ƙofa na juya. Abin da na lura da shi dai, sun tilasta wa kansu rubuta gargaɗi a saman kowane labari da ƙofar kowane ɗaki, ta yadda babu wanda zai faɗa ciki bai sani ba. Wasu marubutanmu na WhatsApp ko wannan ladabin ba su da shi, sai yarinya ta kai shafi na talatin sannan ta tsinci kanta a inda ba ta zata ba.

To ina ruwan Bahaushe da wannan? Ruwansa babba ne, domin ɗora rubutu a kan na wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu sun daɗe suna tahamisi, mutum ya ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ƙara uku nasa ya zama biyar, kuma ba a kiran wannan sata, girmamawa ce. Ishiriniya da ake rerawa a zaurukanmu haka take, waƙar Alfazazi ce da tahamisin Ibn Mahib. Ban haɗa darajar wannan da labarin talabijin ba, hanyar aikin kawai nake nunawa. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce, babu wanda ya ce ya rage masa daraja.

'Yan kallon ma muna da su, masu zafi kuwa. Duk wanda ya ga yadda gari ya ɗauka lokacin da aka sauya mai fitowa a matsayin Sumayya a shirin Labarina na Aminu Saira ya san haka. A majalisa, a shagon ɗinki, a ɗakin kitso, mutane sun yi ta tsara yadda ya kamata labarin ya tafi, wasu tsarin nasu ya fi na marubutan ma'ana. Haka ake yi da Kamaye da Adama na Daɗin Kowa. Marubuta kuma ga su nan birjik, yawancinsu mata, tun daga zamanin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da littattafan kasuwar Kano zuwa masu sakin shafi-shafi a Wattpad da waya. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawan matan da ke rubutu a ɗaka ba wanda ya san da su. Abin da babu shi ne wurin da waɗannan mutane za su zauna ido da ido su yi maganar labari kawai, ba tare da an jira wani ya zo ya sayi kwafi ɗaya a kan naira miliyan ba.

Na san abin da za a ce. Wa zai biya kuɗin zaure? Wace matar aure za a bari ta je otal ta kwana uku? Amsar ta farko ita ce, tsadar taronmu daga manyan baƙi take fitowa: rumfa, kujerun alfarma, kwalin abinci na musamman, 'yan jarida, sanƙira, allunan karramawa. Cire waɗannan, abin da ya rage aji biyu ne na makaranta ranar Asabar da ruwan sha. Ta biyun kuwa, ba dole sai an kwaikwayi otal da kwana ba. Wuni ɗaya ya isa, daga hantsi zuwa la'asar, mata su shirya nasu idan sun fi sakewa a haka. A can ɗin ma mata ne suka riƙe abin tun farko.

Inda na fi jin tsoro shi ne batun kuɗi, domin a nan muka bambanta da su ƙwarai. Matar da na gani a teburin rajista tana da albashinta ko fanshonta, rubutu hutunta ne. Marubuciyarmu kuwa sau da yawa da kuɗin shiga rukunin WhatsApp take sayen data da sabulu, kuma tana fama da masu kwafe mata littafi su watsa kyauta. Ba zan ce mata ta daina karɓar kuɗi a kan labarin da ta ƙirƙira da kanta ba, haƙƙinta ne. Amma ranar da wata ta ɗauki Sumayya ko Kamaye ta rubuta musu sabon labari ta sa masa farashi, ta shiga gonar mai shirin, kuma yana da ikon ya kai ƙara. Shi ya sa duk wanda zai kira irin wannan zama a Kano ko Zinder ya kamata ya fara da sharaɗi biyu a rubuce: labarin da aka ɗora a kan shirin wani kyauta ne, kuma dole a ambaci sunan shirin da mai shi a sama. Su kuma masu shirya fim su yi haƙuri su kawar da kai. Mutumin da ya ɓata dare yana rubuta wa tauraronka wata rayuwa, shi ne zai fara buɗe YouTube ranar da ka saki sabon kashi, ya kuma tura wa mutum hamsin.