A Auna Wayar, a Faɗa Mana Gaskiya

Ya ku 'yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwar Gurbin Bore da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, yau maganarmu a kan wata waya ce wadda ba ku ganinta, amma cinikinku na rataye da ita.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023, mai buhun gero da mai akuya suka koma karɓar kuɗi ta taransifa. Ran da sabis ya ɗauke, mai saye na tsaye, mai sayarwa na tsaye, mai POS ya naɗe hannu, har kasuwa ta watse. In an tambaya, amsar ɗaya ce: "Matsalar sabis ce." Wai shi ke nan an gama magana. To, mu mun ce ba a gama ba.

Ga yadda abin yake. Ƙarfen sabis da kuke gani a bakin gari zango ne kawai. Ko da ya miƙa saƙonku ga wani ƙarfen ta iska, daga ƙarshe sai saƙon ya shiga wata waya da aka binne a gefen titi, wadda ake kira faiba. Cikinta zare ne na gilashi, siriri kamar gashin kai, haske ke gudu a ciki ɗauke da magana da kuɗi. Katafila ta tsinke shi a wuri ɗaya, sai garuruwa da yawa su yi tsit.

Abin da ba a faɗa wa talaka shi ne, wannan waya ba ta ɓoye ciwonta. Akwai na'urar da ma'aikata ke kira OTDR. Takan harba haske cikin zaren, in ya ci karo da karaya sai wani ɓangarensa ya komo. Da yake an san haske na cin kimanin kilomita 200,000 cikin daƙiƙa ɗaya a gilashi, sai na'urar ta lissafa lokacin zuwa da dawowa, ta ce ga inda ɓarnar take. Har ɗaurin da bai kamu ba, da wurin da aka lanƙwasa wayar fiye da kima, duk tana nuna su tun kafin a kai ga tsinkewa. Ana kuma iya barinta a kunne dare da rana, da an taɓa wayar labari ya isa ofis. Ashe ke nan "ba mu sani ba" ba hujja ba ce.

Dattawan Ƙaura sun san wannan hikima. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso garin a 1929, ba a shimfiɗa dogo aka tafi aka bar shi ba. Akwai leburorin da ke bin layi suna dubawa, don kada a san ɓarna sai ran da jirgi ya goce. Rigakafi ya fi magani.

Ɓarnar kuwa ba kaɗan ba ce. Shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, Dokta Aminu Maida, ya ce an tsinka irin wannan waya sama da sau 50,000 a Nijeriya cikin 2024, kimanin 30,000 daga ciki wajen aikin titi. Wato da kuɗin harajinmu ake haƙa, da su ake tsinkewa, mu ne kuma ke kwana ba ciniki.

Mutanen Zamfara sun san zafin shiru. A watan Satumba na 2021 Gwamnati ta rufe sadarwa a duk jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mun sha wuya, amma ko ba komai an fito an faɗi dalili. Wannan kuwa na yau da gobe ba mai cewa uffan.

Don haka muna kira ga hukuma da kamfanoni da abu huɗu.

Na ɗaya, kada ɗan kwangilar titi ya sa katafila a ƙasa sai masu waya sun zo sun nuna masa inda ta bi.

Na biyu, a 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shimfiɗa sabuwar waya mai tsawon kilomita 90,000. Duk zangon da aka binne a ƙasarmu, a auna shi kafin a biya ɗan kwangila ko kwabo, a kuma manna sakamakon a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ba a sayen hatsi sai an zura hannu cikin buhu.

Na uku, a 2025 NCC ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a in an sami babbar katsewa, su kuma biya diyya in ta wuce awa 24. To, a yi sanarwar da Hausa, a rediyo, a faɗi wurin da ranar gyara. Talaka ba ya karanta sanarwa a intanet ran da intanet ɗin ta mutu.

Na huɗu, ma'aikacin da zai je ɗaurin waya a dajin Zurmi ɗan wani ne, uban wasu ne. A ba shi rakiyar jami'an tsaro. Sanin inda waya ta tsinke ba ya amfani in ba mai iya zuwa.

Mu ma da namu nauyin. Ku gaya wa yaranku babu tagulla a cikin wannan waya, ɗan gwangwan ba zai saye ta ba. Mai haƙa rami ko tushen gini a bakin titi ya tambaya tukuna. In kun ga ruwan sama ya tono ta, ku sanar da mai unguwa. Tun 2024 doka ta sa ta cikin kayan ƙasa da ake hukunta mai ɓarnata su.

Ba alfarma muke roƙo ba. Mun sayi kati da guminmu, haƙƙinmu ne mu san abin da muka saya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.