Sanarwar Bayan Taron Likitocin Gashi da Ma'aikatan Lafiya na Jega, Aliero da Maiyama da Aka Gudanar a Jandutsi

Ƙungiyar likitocin gashi da ma'aikatan lafiya masu aiki a ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi ta gudanar da taronta a Jandutsi, domin duba yadda ake jinyar masu ciwon kwatangwalo, gwiwa, idon sawu da tafin ƙafa a wannan yanki, da kuma tantance wace hanya ce bincike ya tabbatar da amfaninta, wace ce kuma sabo kawai ya riƙe ta. Taron ya samu halartar mambobi daga asibitoci da ɗakunan shan magani, tare da wakilan masu ɗori, ungozomomi da manoma. Bayan gabatar da maƙaloli da muhawara mai zurfi, taron ya fitar da wannan matsaya.

ABUBUWAN DA TARO YA LURA DA SU

1. Cewa ciwon gaɓoɓi ba ƙaramar matsala ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ke fama da amosanin gaɓɓai mai cinye guringuntsi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Kuma a yankin da abinci ya dogara ga yini a tsugune cikin fangalin albasa, da dakon buhu, da hawan babur a hanyar Sakkwato zuwa Yawuri, lalacewar ƙafa lalacewar sana'a ce.

2. Cewa hujjojin bincike sun haɗu a kan cewa ginshiƙin jinyar amosanin gwiwa da kwatangwalo shi ne atisayen ƙarfafa tsoka da aka tsara wa kowane majinyaci daidai halinsa, tare da rage ƙiba ga mai ƙiba, kamar yadda hukumar NICE ta Ingila ta jaddada a ƙa'idojinta na 2022. Gashi da fitila ko ruwan zafi da tausa na iya lafar da raɗaɗi na ɗan lokaci, amma ba su mayar da ƙarfin cinya, yayin da doguwar kwanciya ke ƙara kashe ta.

3. Cewa masu ɗorin Aliero, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni kuma ake zuwa wurinsu daga nesa da kusa, su ne ƙofar farko ga ɗimbin masu karaya, kuma duk tsarin da ya yi watsi da su ba zai kai ga majinyaci ba. Sai dai taron ya nuna damuwa kan abu uku: ɗaurin da ya matse har ya tare jini, karayar da ƙashi ya huda fata, da kuma halin da mutum ke shiga bayan an kwance kara, inda ƙashi ya kama amma gwiwa ta sandare, cinya ta tsotse, magidanci ya kasa durƙusawa sujada balle ya koma gona.

4. Cewa yawancin targaɗen idon sawu ba ya buƙatar hoton ƙashi ko ɗaurin makonni, kuma ƙa'idojin Ottawa da aka fitar a Kanada a 1992 sun sauƙaƙa tantancewa: wanda ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko ya ji zafi idan an danna bayan ƙashin idon sawu ko bakinsa, shi ake turawa ɗaukar hoto. Sauran kuwa taka ƙafa da wuri da atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya sun fi masu alheri, kuma suna rage yiwuwar sake gurɗewa.

5. Cewa akwai lalurorin yara da jinkiri ke mayarwa nakasa ta har abada: jaririn da aka haifa da ƙafa a lanƙwashe ciki, wanda ake samu a kusan ɗaya cikin haihuwa 1,000; yaron da allurar ɗuwawu ta taɓa masa babbar jijiya har yana jan ƙafa; da mai sikila da kan ƙashin kwatangwalonsa ke mutuwa saboda ƙarancin jini, alhali ana ɗaukar ɗingishinsa sanyi ne.

6. Cewa ƙwararrun wannan fanni sun fi taruwa a manyan asibitocin Birnin Kebbi, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma kuɗin mota da asarar yinin aiki kan sa mutumin karkara ya yanke jinya tun ba a yi nisa ba.

ƘUDURORI

1. Mambobi za su auna kowane majinyaci a zuwansa na farko, su rubuta iyakar lanƙwasuwar gaɓa da yawan tashi daga kujera da zai iya cikin daƙiƙa 30, su sake aunawa a kai a kai; jinyar da awo bai nuna amfaninta ba za a sauya ta, ba za a ci gaba da karɓar kuɗi a kanta ba.

2. Ba za a sallami kowa ba sai an koya masa atisayen gida da abin da yake da shi: tashi da zama a kan benci, ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa da ɗan ƙullin yashi a ƙwauri, da miƙar da agara a jikin bango ga mai ciwon diddige. Za a bayyana masa da Hausa cewa ɗan ƙarin ciwo a farkon atisaye ba alamar ɓarna ba ce, kuma sai an jure makonni kafin a ga sauyi.

3. Ƙungiyar za ta kafa kwamitin tuntuɓa da shugabannin masu ɗori, bisa girmamawa, domin a amince da alamomin da ke wajabta tura majinyaci asibiti nan take: yatsu su yi sanyi ko baƙi, ko su daina ji, ciwo ya tsananta bayan ɗauri, rauni ya buɗe a kan karaya, ko tsoho ya faɗi ya kasa tashi, domin karayar kwatangwalo ta fi warkewa da tiyata cikin hanzari da tayar da mutum tsaye da wuri. Haka nan kwamitin zai nemi a riƙa turo duk wanda aka kwance wa ɗori domin farfaɗo da gaɓarsa.

4. Taron ya roƙi iyaye da ungozomomi su kai jariri mai lanƙwasasshiyar ƙafa asibiti cikin makonnin farko, domin hanyar Ponseti, ta filastar da ake sauyawa mako-mako sannan takalmi na musamman har wajen shekara 4, tana miƙar da mafi yawan irin wannan ƙafa ba tare da babbar tiyata ba.

5. Taron ya gargaɗi masu ciwon suga da su guji gasa ƙafa da garwashi ko ruwan zafi, da sakiya da tsaga, su kuma riƙa duba tafin ƙafarsu kullum, domin ƙafar da ba ta ji kan ƙone mai ita bai sani ba.

6. Taron ya yi kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da ta ɗauki likitocin gashi aiki a manyan asibitocin Jega, Aliero da Maiyama, ta tsara masu fita ƙauyuka a ranakun kasuwa, ta kuma tabbatar hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, KECHEMA, na biyan kuɗin wannan jinya, daidai da ƙudurin da Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar a watan Mayun 2023 kan ƙarfafa ayyukan farfaɗo da majinyata.

7. Taron ya buƙaci kwalejin kimiyyar lafiya da ke Jega da jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero su haɗa hannu da ƙungiyar wajen tattara sahihan alƙaluman yankin, sannan ya tunatar da jama'a cewa hukumar MRTB, wadda doka ta kafa a 1988, ita ke ba da lasisin aikin likitocin gashi, kuma majinyaci na da haƙƙin neman ganinsa.

KAMMALAWA

Taron ya umarci kwamitin tuntuɓa da ya gabatar da rahoton aiwatar da waɗannan ƙudurori a zama na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Sa hannu:
Shugaban Ƙungiya
Sakataren Kwamitin Sanarwa