Ba Takalmi Ne Ya Hana Mu Gudu Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin samarinmu masu sha'awar gudun motsa jiki, daga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda har zuwa 'yan majalisar shayi a Shinkafi da Zurmi: wai gudu a hanyar daji sai mai kaya. Ka tambayi yaro me ya hana shi farawa, sai ya zaro waya ya nuna maka wani Bature a kan dutse, ya sha takalmi mai tudun ƙasa, da agogon da ke ƙirga bugun zuciya, da 'yar shara mai aljihun ruwa, da sanduna biyu na dogarawa. Sai ya ce maka, "Bari dai in haɗa kaya tukuna." Shekara ta zagayo, kaya ba su haɗu ba, tumbi ya haɗu.

Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai riba, sai dai ribar ba tamu ba ce. Jerin kayan nan da ake cewa dole ne, masu sayar da kayan ne suka tsara shi, kuma ba don ƙasarmu suka tsara shi ba. Babbar gasar gudun duwatsu da ake yawan nuna hotunanta, wadda aka fara a 2003, tana zagaye tsaunin Mon Bulan ne ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan, tafiyar kusan kilomita 170, dare da rana, cikin sanyin da ke iya kashe mutum. A can idan an ce sai da rigar ruwa da safar hannu da fitilar goshi, an yi gaskiya. To mai son ya yi kilomita uku a jigawar Zurmi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, me zai yi da rigar sanyi?

A yi lissafi ma a gani. Takalmin nan na kamfanin Nike mai faranti a cikin tafinsa, wanda ya fito a 2017 ya rikita duniyar tsere, dala 250 aka sa masa. A 2024, shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, dala ta haura naira 1,500. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai haɗa albashin fiye da wata biyar, bai ci ba bai sha ba, sannan ya sayi abin da aka ƙera domin gwanaye masu neman rage daƙiƙu a kan kwalta mai santsi. A rairayi ba shi da wani abin da zai tsinana maka, a kan kunyar gona kuwa tudun nasa targaɗe zai jawo maka. Kuɗin takalmi ya tafi, na mai ɗori ya biyo baya.

Masu ja da wannan ra'ayi na tsadar kaya suna da gwanayen da suke kafa hujja da su. Abebe Bikila na Habasha ya lashe gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ƙafarsa ba takalmi. A 2017 wata mata 'yar ƙabilar Raramuri a Meziko, María Lorena Ramírez, ta cinye tseren kilomita 50 na kan duwatsu sanye da siket da takalmin da aka yanka daga tsohuwar taya, irin wanda kowane ɗan ƙauyenmu ya sani. Hujja ce mai kyau, amma a bi ta a hankali. Ƙafar Bikila ta yi kanta tun yana yaro, kuma a kan titin birni ya yi gudunsa. Da ya je Tokiyo a 1964 takalmi ya sa, ya sake lashewa, kuma ya fi na farko sauri. Duk wanda ya taɓa taka tsidau da sassafe, ko ya ratsa ƙarangiya da kaka, ko ya san yadda kububuwa ke kwanciya a gefen turba, ba zai ce wa ɗan boko mai laushin tafin ƙafa ya fita haka nan ba. Takalmi dole ne. Tsadarsa ce ba dole ba.

Je ka wurin 'yan gwanjo. A kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, ko a Ƙaura, ko in hanya ta kai ka Gusau, za ka tarar da kambas zube a ƙasa. Tsohon takalmi na ainihi ya fi sabon jabu mai ƙyalli da tambarin kamfani, wanda tafinsa zai rabu da samansa kafin sati uku. Sai dai zaɓe yana son ido. Fara juya shi ka dubi ƙasansa: in zanen tafin ya shafe, ko gefe ɗaya na dunduniya ya cinye ya bar ɗayan, ajiye shi, don zai karkatar maka da taku. Lanƙwasa shi, ya kamata ya lanƙwasu a wajen yatsu, ba a tsakiya ba. Danna soson tafin da babban yatsa, in ya lotsa bai dawo ba, ko ya fara marmashewa, ya mutu, ko da samansa na sheƙi. Su kansu kamfanonin cewa suke yi takalmin gudu yana gajiya bayan kilomita 500 zuwa 800, kai kuwa ba ka san nawa mai shi na farko ya ci ba, don haka hannunka ne shaidarka, ba bakin mai sayarwa ba. Gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa, kuma ka bar sararin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Wanda ya matse ka a kasuwa zai cire maka farce a hanya. Ka kuma guji mai saman raga mai manyan ƙofofi, domin rairayinmu shiga yake yi ya zauna ƙarƙashin yatsu yana gurza har sai ya tayar da bororo.

Bayan takalmi, sauran duk suna cikin ɗakinka. Rigar ƙwallo ta gwanjo ta fi ta auduga, don ba ta riƙe gumi. Wando mara nauyi da ya rufe gwiwa, ko dogo in ciyawa ta yi tsawo. Safa ƙafa biyu, ana wanke ɗaya ana sa ɗaya. Hular hana sallah ko wani ƙyalle don rana, a cikin hunturu kuma abin rufe hanci saboda ƙura. Man kaɗe ko basilin a shafa a matsematsi da hammata da tsakanin yatsu. Abin da ake sayarwa a ƙasashen waje cikin 'yar kwalba mai suna ba ya yin aikin da ya wuce wannan.

Ruwa ne ba a wasa da shi. A zafinmu mai gudu na iya zubar da gumin lita guda cikin awa ɗaya, wato leda biyu ta fiya wata. Sha kafin ka fita, ka riƙe tsohuwar gorar lemo a hannu. In gudun ya wuce awa, ko gumin ya yi yawa, haɗin nan da ake koya wa iyaye mata a asibiti ya wadatar: ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Dabino uku a aljihu sun maye gurbin duk wani zaƙi na leda da ake tallatawa. Lokaci ma kaya ne: daga sallame sallar asuba zuwa fitowar rana sosai, shi ke nan, musamman a bazara. Da azumi a rage, ko a mayar da shi bayan buɗa-baki a cikin gari. Abin da ba ya cikin kayan gudu ko kusa shi ne ƙwaya. Tiramadol ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye maka ciwo yake yi har ka yi wa jikinka illa ba ka sani ba, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa.

Agogo kuwa, bar shi. Zagaye uku na cikakken filin ƙwallo kusan kilomita ɗaya ne. Ma'aunin sauri kuma bakinka ne: in kana iya hira da na gefenka kana sassarfa, daidai kake, in magana ta gagara, sassauta ka taka da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na matsakaicin motsa jiki take nema a mako, ko 75 na mai ƙarfi. Kowace waya mai tocila tana ƙirga minti.

Yanzu ga abin da masu jerin kaya ba su taɓa sawa a jerinsu ba, alhali shi ne kan gaba a wurinmu: hanya. Ƙasar nan Allah ya yi ta don gudu. Ga burtali, ga turbobin gona, ga gaɓar gulbin Gagare da rani, ga gefen layin dogon da ya iso Ƙauran Namoda tun 1929. Amma wa zai ce wa ɗansa ya bi burtali shi kaɗai da duku-duku a yau? Wanda ya san abin da dajin Dumburum ya zame wa mutanen Zurmi, ko yadda matafiya ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi rai a hannu, ya san cewa ba rashin takalmi ya raba mu da daji ba. Manomi ma, wanda gonar ce abincinsa, da shawara yake zuwa. A Satumban 2021 har layukan waya aka katse a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Duk wanda ya ba matashin Shinkafi shawarar gudun daji bai faɗi wannan ba, ya cuce shi.

Akwai kuma abin da sai ɗan gida ya sani. A garin da aka sha kai wa hari, mutum a guje labari ne. Mata su hango ka daga nesa ka taho a sukwane daga wajen gari, kafin ka iso an kwashe yara an rufe ƙofofi. Ko kuma 'yan sa-kai ko Askarawan Zamfara su tare ka, ga baƙon kaya a jikinka, ga babbar waya ɗaure a damtse, ga abu toshe a kunne, ka fito daga inda ba a fitowa. Sai ka yi bayani, kuma ba kullum ake tsayawa sauraron bayani ba. Kayan nan masu tsada da ake kwaɗaita maka, a nan su ne ke mai da kai abin zargi, su ne kuma ke kiran ɓarawo.

Saboda haka kayan farko na mai gudu a arewacin Zamfara su ne abokai biyu ko uku, da katin shaida a aljihu, da sanin mai unguwa da masu tsaron gari cewa ga ku, ga inda kuke bi, ga lokacin da kuke fita. A tambayi waɗanda suka kwana a bakin gari kafin a fita, kowace safiya, don hanyar da ta yi lafiya jiya ba ta ɗauki alkawarin yau ba. A yi zagaye a inda ana hango gidaje, a maimaita shi sau biyar, maimakon a miƙe hanya ɗaya a yi nisa. A bar kunne a buɗe. A faɗa wa na gida lokacin dawowa. Ran da aka ce gari ba lafiya, filin makaranta ya isa. Duk wannan ko sisi ba ya ci.

Saura abu ɗaya da ke ɓuya a bayan zancen kaya, wato kunya. Da yawa masu cewa ba su da takalmi, dariyar mutane suke tsoro, kada a ce magidanci guda yana gudu ba abin da ya koro shi. Sai likita ya ambaci hawan jini ko ciwon sukari sannan a fara neman inda za a taka. 'Yan mata kuwa, waɗanda filin makaranta da wando da hijabi sun ishe su, ba a ma kawo su cikin lissafi. Maganin wannan kunya yawa ne. Mutum ɗaya a guje abin kallo ne, mutum talatin a guje tsari ne. A Landan, a 2004, mutum 13 suka fara haɗuwa a wani lambu suna gudun kilomita biyar kyauta kowace Asabar, yau abin ya bazu ƙasashe da dama.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, da masarautunsu, da malaman wasanni na makarantu: ku ware safiya ɗaya a wata, ku shata zagayen kilomita biyar a cikin gari ko a bakinsa, ku sanar da jami'an tsaro, ku sa a yi shela a masallatai don kada kowa ya firgita, ku ajiye randar ruwa a hanya. Kada a karɓi kuɗin rajista, kada a ce sai da riga iri ɗaya, kada a dubi ƙafar kowa. Kai kuma ƙanena mai jiran kaya su haɗu, ranar kasuwa mai zuwa ka je wurin 'yan gwanjo, ka nemo abokai biyu, ku sanar da mai unguwa, ku fara da minti ashirin.