Makaho ya taka dutse

Hausawa kan ce in makaho ya ce a yi wasan jifa, to ya taka dutse ne. Kwanan baya, a wata cibiyar koyar da kwamfuta ta garinmu, wani saurayi makaho ya zo da kuɗinsa a hannu yana neman a rubuta sunansa. Mai cibiyar ya dubi sandarsa, ya zaro dala ashirin ya miƙa masa, ya ce: «Allah ya ba da haƙuri, malam.» Saurayin ya aje masa kuɗin bisa tebur ya fita. Ina wurin, kuma ban ce uffan ba. Bashin wannan shirun ne nake son in biya yau.

Wane dutse saurayin ya taka? Akwai manhaja da ke karanta duk abin da ke bisa allon kwamfuta da murya: sunan takarda, jimla, lamba, har harafin da yatsa ya danna. Makaho ba ya buƙatar ɓeran kwamfuta; madannai sun ishe shi. Wanda ke shakka ya shafa harafin F da na J, zai ji ɗan tudu bisa kowanensu. Daga nan yatsu ke gane mazauninsu, kuma gwanayen buga takardu masu ido biyu ma da shi suke aiki ba tare da sun duba ba.

Za a ce abin tsada gare shi. A dā gaskiya ne, don manhajar JAWS kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Amma tun 2006 wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya soma ƙera NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa. Kyauta ake saukar da ita, tana magana da Faransanci, kuma ana iya ɗaukarta cikin kile a aljihu a yi aiki da ita a wata kwamfutar. Wayoyin salula ma haka: iPhone na da VoiceOver tun 2009, Android na da TalkBack. Mai cibiyar nan ba ko tamma zai kashe ba. Sani ne ya rasa, kuma bai nema ba, don tun yana yaro an koya masa cewa wurin makaho ƙofar masallaci ne ranar Juma'a, da ɗan jagora a gabansa, yaron da shi ma aka hana lakkol.

Wannan taurin kai na masu gani tsohon ciwo ne. Louis Braille yana da shekara 15, a 1824, ya tsara rubutunsa na ɗigo shida. Makarantar da ya yi karatu kuma ya koyar a Paris ba ta karɓe shi a hukumance ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa. Shekara talatin masu ido suna yanke wa makafi abin da ya dace da su. Mu shekara nawa muke son mu ɗauka?

Dokoki kam muna da su. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma aya ta 9 ta ambaci fasahar sadarwa ƙarara. Tun 1993 doka ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. To, wane ofis ne yau ke ɗaukar wanda bai iya kwamfuta ba? Gurbin da ba a horar da mai cika shi ba, alkawari ne bisa ruwa. Makarantar Soli Abdourahamane ta Yamai tana ƙoƙarinta, amma yaron Tasawa ko Magarya ko Ƙonni bai kamata sai ya bar iyayensa kafin ya taɓa madannai ba.

Ko wanda ya koya ma, mu ke toshe masa hanya. Sanarwar ɗaukar ma'aikata, sakamakon jarrabawa, takardar ma'aikatar gwamnati: sai a ɗauki hotonsu a watsa a Facebook ko WhatsApp. Hoto kuwa sau da yawa bango ne ga manhajar. Sai makaho ya nemi mai karanta masa, har sirrinsa. Sakin rubutun yadda aka buga shi ba ya cin ko sisi.

Sai babban abin kunya. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma ka ba muryar Faransanci jimlar Hausa ka ji yadda za ta dagula ta, ta yi tuntuɓe bisa ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Makahon da bai shiga lakkol ba an rufe masa ƙofa sau biyu ke nan. Muna da masana harshe a jami'ar Abdou Moumouni, muna da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, muna da masu daddaɗar murya a gidajen rediyo. Me ya hana a tara muryoyinsu a ƙera mai karanta Hausarmu? Wa muke jira ya yi mana?

Na san masu cewa: «Masu ido ma ba su samu ba, ga kuran ba ya tsayawa.» Ga mai ido kwamfuta sauƙi ce. Ga makaho ita ce jarida, ita ce wasiƙa, ita ce ƙamus, ita ce karatun da babu ɗan tsakani. Wanda ya fi buƙata shi ake fara ba.

Saboda haka, kowace cibiyar horo ta saka NVDA, ta tanadi abin sauraro na kunne. A horar da makafi su zama malamai, don su suka san hanyar. A haɗa wannan da rubutun Braille, tun da kunne kaɗai ba ya koyar da ƙa'idar rubutu. Kuma bikin rabon shinkafa da farar sanda a gaban kyamara, a rage masa kuɗi a sayi kwamfuta.

Saurayin nan bai roƙi kowa ba. Kujera ya nema, da kuɗinsa. In ya sake dawowa, a ba shi ita.