Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Zaman Lafiya ta Ghana kan Rikicin Bawku

Mazauna Zangon Kumasi suna tunatar da Majalisa cewa sulhun da Asantehene Otumfuo Osei Tutu II ya jagoranta a fadar Manhyia a 2025 tsakanin Kusasi da Mamprusi ba zai ɗore ba sai da masu sa ido, wato amintattun da ɓangarorin biyu suka yarda da su, masu rubuta wuri da lokacin kowane harbi kafin jita-jita ta riga su. Dokar hana fita tana rufe shaguna, amma ba ta tantance wanda ya fara harbi. Wajibi ne aikin masu sa idon ya haɗa da hanyar Walewale, inda ake tare matafiya, da Asawase, inda aka harbe sarkin Kusasin yankin Ashanti a Yulin 2025.